Keken yara mai naɗewa: yadda ya yi mini aiki a Umara, musamman a kwanakin dawowa

Keken da nake magana a kai irin ƙaramin nan ne da ake naɗewa da hannu ɗaya ya koma kamar jakar makaranta, nauyinsa kilo 6 da 'yan kai. Ta intanet na saye shi, aka aiko mini Sakkwato kafin tafiyarmu Umara ni da maigida da ɗanmu da bai cika shekara biyu ba. Kuɗinsa ba kaɗan ba ne. Da Inna, surukata, ta gan shi cewa ta yi: "Mi za ki yi da wanga abu? Allah bai ba ki baya ba?" Maganarta da ƙamshin gaskiya, sai dai ba duka ba.

A farkon tafiya kusan kaya ne kawai ya ƙara mana. Yaro na da ƙarfinsa, ni ma haka. A Madina yakan ƙi zama a ciki, sai dai ya bi tattabaru a guje. Wurin da na fara gode masa shi ne cikin jirgin ƙasan Haramain, wanda aka buɗe a 2018, mai cinye tafiyar kusan kilomita 450 tsakanin Madina da Makka cikin awa biyu da 'yan mintuna. Na naɗe shi na cusa sama wurin kaya, bai tare wa kowa hanya ba.

A Harami kuwa zane ne sarki. Askarawa ba sa barin a shiga filin ɗawafi na ƙasa da keken yara, kuma da hujjarsu, don a wannan cunkoson taya ɗaya na iya kayar da tsoho. Akwai benen sama, amma zagayensa ya fi tsawo nesa ba kusa ba. Goyo na yi ɗawafi da shi, da sa'ayi tsakanin Safa da Marwa, wanda sawu bakwai ɗinsa ya kai kimanin kilomita 3.

Amfaninsa na gaske sai a ƙarshen tafiya ya fito, kuma wannan ne dalilin rubutun nan. Wadda ba ta taɓa fita waje da ƙaramin yaro ba za ta ɗauka tafiyar ce mai wuya. Dawowar ce. Lokacin barcin yaro ya rikice, don Saudiyya na gaba da mu da awa biyu, ga tashin Asuba kullum. Sanyin na'ura da zafin waje sun sa masa mura, abincin otal ya gundure shi, kunun da na taho da garinsa ya ƙare. Ni kuma ƙafafuna sun kumbura, bayana ya ce bai san zance ba. A daidai nan ne kuma ake shiga kasuwa sayen tsaraba: dabino, carbi, darduma, jallabiyoyi, turare, kowa a gida da nasa saƙon. Sai in kwantar da jinginar keken, in ja rumfarsa, yaro ya yi barcinsa ina ciniki. Rumfar tana da faɗi, tana rufe fuska har ƙirji, kuma ita ce abin da na fi yaba wa a jikinsa.

Inda ya gaza, kwandon ƙasansa ƙarami ne ƙwarai, da ƙyar yake ɗaukar nafkin da gorar ruwa. Dole mutum ya rataya leda a hannun turawa, shi kuma saboda rashin nauyi, da zarar an ɗaga yaro sai ya tuntsure ta baya. Haka kwalbar turare ɗaya ta fashe mana a bakin wani shago. Maigida bai ce komai ba, ya dai kalli keken ya kalle ni.

A filin jirgin Jidda ne keken ya biya kuɗinsa. An kwaso mu daga Makka tun sauran sa'o'i masu yawa jirgi ya tashi, ga layin awon kaya, ga karɓar ruwan Zamzam mai lita 5, ga binciken fasfo. Na ga wata baiwar Allah da goyo a baya, jaka a kowane hannu, tana jijjiga a tsaye har dare ya raba. Namu yana kwance. A wurin binciken kaya sai an fitar da yaro an naɗe keken an tura shi cikin na'ura, nan na gane darajar naɗewa da hannu ɗaya, don ɗayan hannun na riƙe da mai kuka. Madara da ruwan yaro sun bar ni na wuce da su ko da sun haura mililita 100. Da yake ƙarami ne an bari na kai shi har ƙofar jirgi, amma kowane kamfani da ƙa'idarsa, a tambaya tun wurin sayen tikiti.

Cikin jirgi ba shi da wani aiki, tunda yaron da bai kai shekara biyu ba a cinya ake riƙe shi. Abin da ya taimaka a nan shayarwa ce lokacin sauka, don haɗiya na rage toshewar kunne.

A Kano muka sauka, muka kamo hanyar Gusau da Talata Mafara a mota, keken na ƙarƙashin ƙafata saboda but ya cika. Tun da muka iso kuma yana bayan ƙofa. Tayoyinsa ƙanana ne, don tayil da kwalta aka yi su. Na gwada shi a layinmu na Mabera, yashi ya riƙe shi tun kafin mu kai bakin titi, tayar gaba ɗaya kuma ta fara ƙara. Wadda za ta saya don yawon unguwa ta adana kuɗinta. Wadda za ta fita waje da yaron da ya yi nauyin goyo amma bai iya doguwar tafiya ba, ta saya, ta auna shi a naɗe kafin ta biya, ta kuma sa zannuwan goyo biyu a jakar hannu.