Kafin ka ba da kwangilar ƙaton aiki, duba wa zai ɗauki asara

Mai shirin gina filin jirgin sama ko babban filin wasa yakan fara da tambayar wane kamfani ya fi suna. Gara ya fara da tsarin kwangilar, don daga nan ake shuka abin da mutane za su riƙa faɗa a kan aikin.

Tsarin da ya fi jan hankali shi ne a ba kamfani ɗaya a kan tsayayyen farashi, riba tasa, faɗuwa tasa. Haka aka ba kamfanin Multiplex ginin filin ƙwallon ƙafa na Wembley a Landan. Rigima ta ɓarke tsakaninsa da kamfanin Cleveland Bridge mai aikin ƙarfe, wasan ƙarshe na kofin FA na 2006 ya koma birnin Kadif, filin bai buɗe ba sai 2007. Ɗan kwangila ya tafka asara, aka yi ta shari'a. Aljihun mai aiki ya ɗan tsira, amma sunan filin ne ya sha zagin jinkiri. Wannan tsari ba ya yi sai zanen ginin ya kammala tsaf.

Akwai masu cewa a yanka aikin gunduwa-gunduwa, mai aiki ya riƙe ragama da kansa don a rage kuɗi. Filin jirgin Balin Brandenburg a Jamus ya bi wannan hanya. An fara a 2006, an sa ranar buɗewa a 2011, na'urar fitar da hayaƙin gobara ta ƙi cin jarrabawa, sai ƙarshen Oktoba 2020 aka buɗe. In ba ka da ƙwararrun injiniyoyi naka na kanka, kada ka ko kusanci wannan. Araha ba ta ado.

Ni na fi karkata ga abin da BAA, kamfanin da ke da filin jirgin Heathrow na Landan a lokacin, ya yi a ginin tasha ta 5 ta filin. Kamfanin ya ce haɗarin aikin a wuyansa yake, ya biya 'yan kwangila abin da suka kashe da riba a kai, ya haɗa su tawaga guda, don kada kowa ya ɓoye matsala saboda tsoron kotu. An gama a kan lokaci, cikin kasafin fam biliyan 4.3. Sai dai ranar buɗewa a Maris 2008 jakunkunan fasinjoji suka cushe, aka soke ɗaruruwan tashin jirage cikin 'yan kwanaki, kuma abin da jama'a suka riƙe ke nan. Saboda haka in ka zaɓi wannan, ka sa gwajin na'urori da horar da ma'aikata cikin yarjejeniyar tun farko.

Masu ganin wuce kasafi ba matsala ba ce za su kawo maka misalin ɗakin opera (wasan kwaikwayo da waƙa) na Sidni, wanda aka ƙiyasta dala miliyan 7 ta Ostareliya ya ci miliyan 102, duk da haka UNESCO ta sa shi cikin kayan tarihin duniya a 2007. Ka tuna musu cewa an fara ginin a 1959 kafin a san yadda za a yi rufin, kuma mai zanen, Jørn Utzon, ya bar aikin a 1966 bai sake komawa ya gan shi ba.