Abin taɓawar ɗan makaranta: wanne ya cancanci shiga jaka?

Duk abin da za a saka wa yaro a jakar makaranta, ni ma'aunina na farko shi ne ya kai lokacin tara bai canza wari ba. Jaka na shan rana, ana jefar da ita a ƙasa, wani ma ya zauna a kanta. Sai bayan wannan nake duba ko zai riƙe ciki, da ko aljihu zai iya ɗaukarsa kwana biyar a mako.

A kan wannan ma'auni, ban ga abin da ya kamo ƙafar soyayyar gyaɗa ba. Kusan kashi ɗaya cikin huɗu na nauyinta sinadarin gina jiki ne, ga mai da ke sa ta daɗe a ciki, shi ya sa yaron da ya ci cikin hannu ɗaya ba ya fara hamma kafin a tashi. Ba ta buƙatar firij, ba ta zubewa ta ɓata littafi. Ki sayi ɗanya da yawa, ki tsince, ki soya da kanki ranar da babu aiki, ki zuba a kwalba mai murfi bayan ta huce sarai. Kullum da safe sai ɗiba kawai. Idan aka haɗa ta da ayaba ɗaya, an gama magana: ayaba ta ba da ƙarfi nan take, gyaɗa ta riƙe sauran tafiyar.

Amma fa tana da sharuɗɗa. Yaron da bai kai shekara 5 ba kada a ba shi ƙwayarta, tana iya shaƙe shi; a niƙa a shafa masa a burodi. Akwai kuma yaran da jikinsu ba ya karɓar gyaɗa, har numfashi kan gagare su, don haka wasu makarantu suka hana shigo da ita gaba ɗaya. A tambayi malamin aji tukuna.

Dafaffen ƙwai shi ne na biyu, kuma da ba don zafi ba da ya yi kunnen doki da ita. Babban ƙwai ɗaya na da kimanin giram 6 na sinadarin gina jiki. Matsalarsa, ƙa'idar tsaftar abinci ta ce kada dafaffe ya wuce awa biyu a waje, idan zafi ya haura digiri 32 kuwa awa ɗaya. Sai dai in akwai kula mai riƙe sanyi. Karas da kokwamba suna da arha da amfani, amma yawanci yadda suka tafi haka suke dawowa. Gugguru na gida ba laifi ga manyan yara, in ba a tsoma shi cikin sukari ba. Yogot ya faɗi tun a ma'aunin farko. Biskit kuwa fulawa ce da sukari da mai.

Inda ake cutar iyaye sosai shi ne lemon kwali. Za ki ga hoton lemo da abarba sun cika gaban kwali, har da ɗigon raɓa. Juya baya ki karanta jerin abin da aka haɗa. Ana jera su ne daga mafi nauyi zuwa mafi ƙanƙanta, to idan ruwa ne na farko, sukari na biyu, ruwan 'ya'yan itacen yana can ƙasa, ruwan sukari mai kala kika saya. Wasu kan rarraba zaƙin da sunaye daban-daban irin su gulukos da furuktos don kada sukari ya fito a sahun gaba. Lissafin mai sauƙi ne: giram 4 daidai yake da ƙaramin cokali ɗaya, kenan kwalin da ke da giram 20 cokali biyar ne. A 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada irin wannan sukari ya kai kashi 10 cikin ɗari na kuzarin da mutum ke samu daga abincinsa a rana. Ruwan sha a gora mai tsafta ya wadatar.

Sai kwanan watan lalacewa. An taɓa sayar mini da katan da aka goge nasa aka buga sabo, ɗiyata ta kwana tana amai, shi ya sa yanzu nake murza rubutun da yatsa. In tawadar ta biyo hannu, ko aka liƙa wata takarda a kan wurin, ko kwalin ya kumbura, a ajiye shi komai rangwamen da aka yi.

Ita ma gyaɗar tawa ba ta tsira ba. Wadda aka adana da danshi tana yin fumfuna, fumfunar kuma na fitar da gubar afulatoksin mai illata hanta, kuma suya ba ta kawar da ita. Mai son banza yakan gauraya tsohuwa da sabuwa, ya soya da gishiri mai yawa don ya ɓoye ɗacin. Wannan ne dalilin da na nace a sayi ɗanya: ƙwayar da ta yamutse, ta yi baƙi, ko take warin ruma, ido da hanci za su gane ta. Ayaba ma a lura, wasu na nunar da ita da ƙarfi da sinadarin kabaid na masu walda, abin da ƙasashe da dama suka haramta. Ya fi a saye ta da ɗan sauran kore, ta ƙarasa nuna a gida.