Hattara da mai tallar jirgin faiba a Damagaram

Jama'ar Damagaram da kewaye, musamman masuntan Gidimuni da Lasuri da duk mai ɗan'uwa a sana'ar ruwa, don Allah ku karanta wannan, ku kuma karanta wa waɗanda ba su iya ba. Akwai wani mutum da ke yawo da hotuna da bidiyon jirgin ruwa mai inji na faiba (wata irin roba mai tauri da ake ƙera jirgi da ita) a WhatsApp da Facebook. Ya cinye mana jika 850, ni da kawuna, kuma daga baya na gano ba mu kaɗai ya taɓa ba.

Kawu ya haura shekara talatin yana su a tafkin Gidimuni da wani kwalekwalen katako da faci ya gama cinyewa. Burinsa ya samu jirgi mai inji, ya yi su da safe, da rana ya ɗauko wa masu lambu rake da kayan miya. Da na ga tallar, ni na kai masa. Ya sayar da bijiminsa, na haɗa da abin da na tara na shekara biyu.

Mutumin ya karɓe mu a wani gida mai katanga a bakin gari. Dattijo ne mai fara'a, carbi a hannu, kowa na ce masa Alhaji. Ya ce jirgin na wani mai kamun kifi ne a tafkin Cadi, tun da aka kwashe mutane daga tsibirai a 2015 saboda Boko Haram aka ɗauko shi aka ajiye, bai sake taɓa ruwa ba. Labarin ya shige mu, domin kowa ya san abin da ya faru a yankin Diffa a wancan lokaci, har da hana cinikin kifi. Jirgin kuwa sai ƙyalli, shuɗin fenti a ƙasa, fari a sama. Injin mai ruwan toka, an manna Yamaha da 25, wato ƙarfin doki 25, a murfinsa. Ya ja igiya sau ɗaya, inji ya tashi da ƙara, ya bar shi ya ɗan yi ruri ya kashe. Kawu ya dube ni ya ce, "Ɗana, ka ji murya?" Na ce, "Na ji, Kawu, amma ku bari mu kai shi ruwa tukuna."

Nan ne aka yi mana dabarar. Alhaji ya ce ba ya hana mu, sai dai wa zai biya mota zuwa Gidimuni, kusan kilomita 70, a kuma dawo da shi in ba mu saya ba? Muna cikin haka sai ga wani ya shigo da jaka a hammata, wai daga Diffa yake, jiya ya ga jirgin, yau ya zo da kuɗi. Suka ja gefe suna ƙus-ƙus. Alhaji ya dawo ya ce shi mutum ne mai alkawari, mu muka riga, amma in ba mu ajiye wani abu ba, ba shi da bakin hana wancan. Muka ba da kafin alƙalami jika 300 a take, washegari muka cika. Takardar da ya rubuta mana ba lambar katinsa, ba lambar inji, ba shaida ko ɗaya in ban da wancan mai jakar. Yanzu na san bakinsu ɗaya.

Ranar da muka saka jirgin a ruwa yara sun cika bakin tafki. Kawu ya yi bisimilla ya shiga. Injin da ya tashi da ja ɗaya a gari sai da muka ja shi ya fi sau ashirin. Da ya kama, ba mu yi minti biyar ba murfin ya ɗau zafin da hannu ba ya iya taɓawa, wari ya tashi, inji ya shaƙe ya mutu. Ina juyawa na ga bangon baya, inda aka ɗaure injin, ya tsage daga kusurwa, ruwa na shigowa ta ramukan ƙusoshi. Da gwangwani muka riƙa kwarfa, wasu masunta suka jawo mu gaɓa. Kawu bai ce uffan ba har muka isa gida.

Na samo wani makaniki da ya yi shekaru yana gyaran injin jirgi a Gigimi, can wajen tafkin Cadi, kafin rikici ya dawo da shi nan. Abin da ya nuna mini shi ne dalilin wannan rubutu, domin mu nan mun san raƙumi, mun san babur, amma ba mu san jirgi ba, kuma da wannan rashin sanin ɗan damfarar yake cin abinci.

Yana ɗaga murfin ya ce, "Ƙanena, wannan ba Yamaha ba ne." Tsohon Evinrude ne na Amurka aka fesa wa ruwan toka aka manna takarda. Ya nuna mini gurbin ɗan farantin da ke ɗauke da lambar inji a jikin maɗaurin, an ɓamɓare shi, sai ramuka. Kamfanin da ya ƙera irinsa ya karye tun shekarar 2000, waɗanda suka saye sunan su ma sun daina ƙera Evinrude a 2020. Kayan gyaran Yamaha ana samunsu a Diffa ko Kano, amma na wannan sai an sha wuya.

Sannan ya kwance ƙafar injin ya ciro wata ƴar farfela ta roba, ko in ce ragowarta, don fukafukanta duk sun karye sun narke. Ita ce ke tura ruwan tafki sama ya sanyaya inji. Ruwa ne man shafawarta. In aka tada inji a tudu babu ruwa, ko minti ɗaya ba ta kaiwa take ƙonewa. Ashe wannan rurin da ya burge mu a tsakar gida, shi kansa ɓarna ne, kuma Allah kaɗai ya san mutum nawa aka yi wa shi kafin mu. Lafiyayyen inji in yana aiki za ka ga siririn ruwa na tsartuwa ta bayansa. Ko ganga aka cika da ruwa aka tsoma ƙafar, za a gani. Ya ce kuma tabbas an ɗumama shi kafin mu iso, shi ya sa ya tashi da ja ɗaya. Don haka dole mai saye ya fara ɗora hannu ya ji injin da sanyi. Makanikin ya kwance ƙusar man giyar inji ta ƙasa, abin da ya zubo fari-fari kamar kunu, alamar ruwa ya daɗe yana shiga. Buji ɗaya ya yi tsatsa. Da ya gwada ƙarfin matsin silinda biyun, ɗaya bai kai rabin ɗayan ba, alhali ya kamata su yi kusan daidai.

Jikin jirgin ma haka. Na ɗauka faiba ba ta ruɓewa, kuma gaskiya ne, amma irin waɗannan tsofaffin jirage katako ake sakawa a cikin bangon baya da ƙarƙashin daɓe, a lulluɓe da faiba. In ruwa ya samu ƙofa ta ramin ƙusa, katakon ya ruɓe a ciki, waje na nan sumul. Makanikin ya ɗauki ƙaramar guduma yana ƙwanƙwasawa: wuri mai lafiya na amsawa ƙwal-ƙwal, ruɓaɓɓe kuwa sai bif-bif. Ya soka sukundireba a rami ɗaya, ta fito da baƙin gari mai danshi. Ya ce da mun kama ƙafar injin mun jijjiga, da mun ga bangon na lanƙwasa. Sabon fenti a tsohon jirgi ba ado ba ne, tambaya ce: me aka rufe?

Na koma gidan, na tarar da kwaɗo. Maƙwabta suka ce haya ya kama na wata biyu. Lambobinsa biyu duk a kashe. Na kai ƙara kwamisariya, a can na haɗu da wani bawan Allah daga wajen Mirya da ya tura masa jika 200 na kafin alƙalami a kan wannan jirgin dai, bai ma taɓa ganinsa ido da ido ba, bidiyo kawai aka aiko masa. Na sake kallon bidiyon da kyau: jirgin da ke gudu a ciki kujerunsa uku, namu biyu.

Ban sa sunansa ko hotonsa ba, don magana na hannun hukuma, kuma ina zaton sunan ma na aro ne. Amma makon jiya wani aboki ya turo mini sabuwar talla daga wata lamba daban: jirgi ja, labarin tafkin Cadi iri ɗaya, har da cewa akwai mai zuwa da kuɗi gobe. Duk wanda wannan talla ta iso wa, kada ya tura ko dala. Abin da ya kamata ya yi shi ne ya ce sai an saka jirgi a ruwa, an tada inji da sanyi a gabansa, an yi rabin awa ana zagayawa da mutane a ciki, da makanikin da shi ya zo da shi. Ya ga lambar inji da idonsa, a rubuta ta a takarda tare da katin mai sayarwa, a gaban mai unguwa. Wanda kuma ya riga ya ba shi wani abu, ya daure ya je kwamisariya da rasit ɗin turawa da saƙonnin murya, a haɗa da namu.

Kawu ya koma kan tsohon kwalekwalensa. Jirgin yana kife a bakin tafki, kuma ya hana a sayar wa kowa, ya ce ba zai miƙa wa wani abin da aka miƙo masa ba.