Jirgin hutun ƙarshen shekara a gidan tarihin B&O da ke Baltimore

Duk shekara, daga watan Nuwamba zuwa Disamba, gidan tarihin jiragen ƙasa na B&O (wato kamfanin jirgin ƙasa na Baltimore da Ohio) da ke titin Pratt a birnin Baltimore, jihar Maryland ta Amurka, yakan shirya wa yara hawan jirgi na bikin Kirsimeti mai suna Polar Express, wanda aka gina a kan wani littafin yara na 1985 da fim ɗinsa na 2004. Na kai 'yata mai shekara shida, kuma abin da na dawo da shi shi ne, shirin ya cancanci a je, amma wanda ya tsaya ga hawan jirgin kawai ya bar mafi tsokar wurin a baya.

Shirin yana tafiya a tsanake. Yara sukan zo sanye da kayan barci, kamar yadda labarin ya tanada, a miƙa wa kowanne tikiti mai ruwan zinariya, sannan a shiga taragun da aka ƙawata da fitilu. Da zarar jirgi ya motsa, ma'aikata cikin fararen tufafin masu dafa abinci za su fara rawa da waƙa a tsakanin kujeru suna raba koko mai zafi da biskit, a karanta labarin, daga bisani Baban Kirsimeti ya bi tarago tarago yana ba kowane yaro ƙaramar ƙararrawa. Abin da ya fi burge ni shi ne kwandastan, domin bai yi wa aikin huda tikiti riƙon sakainar kashi ba. Ya durƙusa daidai tsayin yarinyar, ya tambayi sunanta, ya riƙa huda takardar da sauri har ɓurɓushinta na zubo mata a cinya, ita kuwa ta ƙi sakin tikitin ko da za ta karɓi kofi.

Ya kamata iyaye su san cewa tafiyar gajera ce, jirgin kuma a hankali yake tafiya, saboda haka wasan kwaikwayo ne a kan layin dogo, kuma abin kallon yana cikin taragon. Ga iyaye Musulmi masu tambaya, ban ga wata ibada ta coci a cikin shirin ba. Tatsuniyar Baban Kirsimeti ce da waƙoƙin lokacin, sauran kuma ya rage ga kowane gida da abin da ya yarda da shi.

Shi wannan ɗan gajeren layin yana da nasa nauyi. An kafa kamfanin Baltimore da Ohio a 1827, kuma ranar 4 ga Yuli, 1828, Charles Carroll, wanda shi kaɗai ya rage a raye cikin waɗanda suka sa hannu a takardar 'yancin kan Amurka, ya aza harsashin layin. A 1830 aka buɗe mil 13 na farko zuwa garin Ellicott's Mills, kuma a kan farkon wannan hanya ne jirgin yaran yake bi.

Inda na fi so mai karatu ya ɓata lokacinsa shi ne babban zauren da aka gina a 1884 domin gyaran taragun fasinja. Gini ne mai kusurwa 22, rufinsa ya yi sama ƙwarai, a tsakiyarsa kuma akwai faifan da ake ɗora tarago a juya shi zuwa layin da ake so, tsofaffin kawunan jirage sun kewaye shi. A nan yaro zai ga kwaikwayon Tom Thumb, ƙaramin injin tururin da Peter Cooper ya ƙera a 1830, tare da kan jirgin da ake kira William Mason na 1856 mai faffaɗan bututun hayaƙi. A watan Fabrairu na 2003 dusar ƙanƙara ta yi wa rufin nauyi har wani sashe ya rufta a kan wasu daga cikin waɗannan injuna, ba a sake buɗe wurin ba sai a Nuwamba na 2004, amma gyaran ya yi kyau ta yadda baƙo ba zai gane ba sai an faɗa masa. A wani gini na kusa akwai kan jirgi samfurin Allegheny mai lamba 1604, ɗaya daga cikin biyu kacal da suka saura, wanda aka ƙera domin jan kwal a kan tsaunuka. Yarinyar ta tsaya kusa da ƙafarsa guda, ta ɗaga kai, ta ce, "Baba, wannan ma yana tafiya?" Bayanin wuta da ruwa da tururi da ya biyo baya ya ɗauke mu lokaci mai tsawo, kuma ba ta gaji ba.

Wanda zai je ya sayi tikiti ta intanet tun da wuri, domin ranakun ƙarshen mako sukan cika, ya kuma ware wa zauren lokacinsa da rana. Sanyin Disamba a Baltimore ba ya wasa, don haka a ɗora wa yaro rigar sanyi mai kauri da hula a kan kayan barcin. A ganina shirin ya fi dacewa da 'yan shekara uku zuwa takwas. Wanda ya haura haka zai fi jin daɗin injunan.