Tsakanin Glycine Airman da Navitimer 806, ɗauki Airman

Malam, ka tambaye ni wanne za ka saya tsakanin tsoffin agogon hannu biyu na matuƙan jirgin sama, Glycine Airman da Navitimer 806. Amsar a taƙaice: ɗauki Airman. Duka biyun sun taɓa zama a hannuna, ɗaya ne ya rage.

Airman ɗina na shekarun 1960 ne, mai inji AS 1701, wanda motsin hannu ke ba shi ƙarfi, babu ruwansa da batir. Ranar da na fara ɗaura shi na sha kunya. Wani dattijo ya tambaye ni lokaci bayan Azahar, na kalli fuskar agogon na yi shiru kamar ɗan aji ɗaya. Hannun awa na Airman sau ɗaya yake zagayawa a awa 24, saboda haka 12 na rana tana ƙasa, inda ido ya saba ganin 6. Sai da na yi kusan mako biyu kafin na daina lissafi a zuci. Yanzu kuwa agogon kowa nake wa kallon mai ruɗani.

Tun 1953 kamfanin Glycine na Suwizalan ya fito da shi, domin matuƙan jirgin sama masu ƙetare ƙasashe, waɗanda duk aikinsu da lissafin awa 24 ake yi. Zoben da ke kewaye da gilashin shi ma yana da lambobi 24. Ka juya shi zuwa lokacin wata ƙasa, sannan ka ɗaure shi da ƙaramin maɓallin da ke ƙasa ta dama. Lokacin da Hajiyarmu ta tafi Umara na matsar da zoben awa biyu, na bar shi a lokacin Makka. Kallo ɗaya nake yi in san ko tana Harami ko ta koma masauki, sai in kira. Matuƙan Amurka sun yi ta sayensa a zamanin yaƙin Biyatnam, kuma ɗan sama jannati Pete Conrad ya tafi sararin samaniya da nasa a jirgin Gemini 5 a 1965.

Abin da ya fi burge ni ƙarami ne ƙwarai. In ka ja maɓallin saiti, wata siririyar waya takan leƙo ta ɗan rami a wajen lamba 24, ta tare hannun daƙiƙa, don matuƙa su saita agogunansu daidai da juna.

Navitimer 806 kuwa, ba a raina shi. Yana da tarihi da ƙungiyar matuƙa ta AOPA, injinsa Venus 178 ne, zobensa na lissafin man jirgi da gudunsa ne. Amma me za ka lissafa da shi, man Keke Napep? Faɗinsa ya kai milimita 41, na Airman 36, rubutun fuskarsa sai da tabarau, kuɗinsa ya ninka na Airman sau da yawa, kuma kayan gyaran Venus sai an sha nema. Nawa wani dillali ne a intanet ya sayar mini, ashe an sake wa fuskar fenti. Da asara na rabu da shi.

Shi ya sa zan ja kunnenka, ko da ba ka tambaya ba. Kasuwar tsoffin agogo cike take da 'yan haɗe-haɗe: jikin wannan, fuskar wancan, hannayen jabu. Kada ka tura ko kwabo sai mai sayarwa ya buɗe bayan agogon ya nuna maka injin. A Airman, ka ce ya ɗauki bidiyo yana jan maɓallin ka ga wayar nan ta fito, domin a da yawa ta karye ko wani mai gyara ya cire ta. In babu ita, farashi ya sauka. Agogon da ya haura shekara hamsin amma fuskarsa na ƙyalli kamar jiya aka ƙera shi, tambayi dalili. Mai cewa “na wani kyaftin ne” ba tare da takarda ba, labari yake sayar maka.

In ya iso, kada ka miƙa wa mai canza batir a bakin titi. Nemi tsohon mai gyara da ya san injin agogo. Kuma ka riƙa cire shi kafin alwala, robar da ke tare ruwa ta daɗe da bushewa.