Ɗan Madubin da Ya Raba Mini Gardamar Furannin Ipomoea

Duk wanda ya saba lura da tsirran nan masu yaɗo, waɗanda furensu ke buɗewa da sassafe kamar bakin kakaki ya kuma yanƙwane idan rana ta take, ya san cewa launi kaɗai ba ya nuna iri. Dangin waɗannan tsirrai, wato Ipomoea, inda dankalin Hausa da duman kada suke, sun haura iri 600, kuma a kan tsiro guda ana iya samun ganye mai siffar zuciya da wani mai tsaga uku. Wannan ne ya sa na sayi madubin hannu mai ninka girman abu sau 10, irin mai gilasai uku a manne wanda ke naɗewa cikin kuben ƙarfe.

Amfaninsa ya fi bayyana ne a kan ƙananan ganyayyaki biyar da ke riƙe da gindin fure, domin a nan asirin yake. A wajen Ipomoea purpurea gajeru ne, da gashi mai kaushi a gindinsu. Na Ipomoea nil dogaye ne, suna sirancewa a hankali har ƙarshe, alhali na Ipomoea hederacea sukan tsuke farat ɗaya sannan bakinsu ya lanƙwashe baya. Waɗannan biyun na ƙarshe sun daɗe suna rikita ni, saboda dukansu sukan yi shuɗin fure da ganye mai tsaga, amma da madubin nan bambancin ya fito fili ba tare da wata tantama ba. Shi kuwa Ipomoea tricolor, ba shi da gashi ko kaɗan, kuma gefen ganyayyakin nasa fari-fari ne.

Hoton da gilashin ke bayarwa tas yake har gefe, ba ya haɗa launuka kamar yadda na roba masu araha ke yi. Sai dai yana buƙatar sabo, domin dole a kusantar da shi ga ido, a kawo furen kamar santimita biyu da rabi daga gilashin, kuma iska kaɗan takan kawar da abin da ake dubawa. Ba shi da fitila, don haka a inuwa gashin ba ya fitowa sosai, gara a tsinko furen a juya baya ga rana. Na fi son sa a kan mai ninki 20, wanda filinsa ya yi ƙanƙanta ga wannan aiki.