Kallon taurari a Zariya: hunturu ko kaka?

Malama, kin ce kina son fita da ɗalibanki su ga taurari, kina tambaya ko ki bari sai hutun Disamba tunda lokacin ba ruwa ba hadari. Ni dai da za ki ji tawa, kaka zan zaɓa miki, wato daga ƙarshen Oktoba zuwa tsakiyar Nuwamba.

Gaskiya ne da hunturu ba girgije, amma hazo ma ɓarnarsa ba kaɗan ba ce. Ƙurar nan da iskar arewa maso gabas ke kwaso mana, da yawanta daga kwarin Bodele take tasowa a ƙasar Chadi. Ranar da ta sauka sosai, da tsakar rana ma sai ki nemi dutsen Kufena ki rasa, balle tauraro mai ɗan ƙaramin haske. Na saman kai ana ganinsu, Kaza da 'Ya'yanta na nan tsaf bayan isha'i, amma na ƙasa-ƙasa sai haƙuri. Tauraron arewa, wanda ba ya gusawa daga wurinsa, a Zariya digiri 11 kawai ya ɗaga daga doron ƙasa, kamar faɗin dunƙulen hannu idan kin miƙa shi gabanki. Nan ne kuwa hazo ya fi kauri. Ga sanyi da ke sa yara tari da mura, kafin a yi awa guda sun fara neman gida.

Da kaka kuwa ruwan damina ya gama wanke sama, ƙura ba ta iso ba tukuna. Bayan magariba za ki ga farin zanen nan mai kama da hayaƙi ya ratsa sama daga kudu maso yamma, wanda tarin taurari ne da ido ba ya iya rarrabe su. Zuwa ƙarfe 9 Kaza ta hau daga gabas. Aibin kaka sauro ne, don lokacin zazzaɓi bai lafa ba, sai raɓa da doguwar ciyawa inda maciji kan laɓe. A sa riga mai dogon hannu da takalmi rufaffe, a shimfiɗa tabarma a fili fetal.

Abu ɗaya hunturu ya fi kaka da shi: zubar taurari ta daren 13 zuwa 14 ga Disamba, wadda masana ke kira Jeminid. Daga saman kai take fitowa, don haka hazo bai cika hana ganinta ba. Sai dai ta fi armashi wajen ƙarfe 2 na dare, wace uwa ce za ta ba ki ɗanta a wannan lokaci?

Ko wanne kika ɗauka, duba kwanan watan Musulunci. Daga 25 ga wata zuwa 3 ga sabo ake samun duhu, farin wata kuwa shanye ƙananan taurari yake yi. Kuma ba sai kun nausa daji ba, yanayin tsaro bai ba da wannan ba. Filin ƙwallon makarantarku ya isa idan an kashe fitilu, ki dai sanar da iyaye da mai unguwa tun da rana.